Finafinan damben farko: abin da ya tsira da abin da ya salwanta

Duk wanda ya taɓa kallon tsohon hoton damben boksin na shekaru ɗari da suka wuce ya san kamanninsa: hoto baƙi da fari mai rawa, ƙarti biyu suna zabura da saurin da bai yi kama da na mutane ba, 'yan kallo sanye da malafa sun cika fage maƙil, babu murya, babu ƙarar naushi, sai ɗigo da zane suna gilmawa a fuskar hoton kamar yayyafi. Da yawa daga cikin masu kallo sukan yanke hukunci nan take cewa mutanen da ba su iya dambe ba. Akwai gaggawa a wannan hukunci, domin abin da ya iso gare mu guntu ne na guntu, kuma kafin ya iso sai da neman kuɗi ya tankaɗe shi, doka ta sake tankaɗewa, sannan wuta da ruɓa suka cinye mafi yawan abin da ya rage a rariya. Wanda yake son ya yi wa waɗannan 'yan dambe adalci, dole ne ya san yadda aka ɗauki hotonsu da kuma hannayen da hoton ya ratsa.

Dambe da fim kusan tare suka tashi a Amurka. A farkon shekarun 1890, Thomas Edison da ma'aikacinsa William Dickson sun ƙera wata na'ura mai suna Kinetoscope, wadda akwati ce ta katako da mutum ɗaya yake leƙawa ta wata 'yar taga ya ga hoto yana motsi. Zaren fim ɗin da take ɗauka ƙafa 50 ne, wanda yake ƙarewa cikin kamar daƙiƙa 20, abin da ya isa a nuna mai rawa ko mai ɗaga ƙarfe amma bai isa turmi ɗaya na dambe ba. Wasu 'yan'uwa biyu, Otway da Gray Latham, tare da abokinsu injiniya Enoch Rector, su ne suka matsa aka faɗaɗa na'urar ta riƙa ɗaukar ƙafa 150, wato kusan minti ɗaya, kuma ba don komai suka yi haka ba sai don sun hango kuɗi a dambe. A lokacin, yawancin jihohin Amurka sun haramta damben kuɗi, saboda haka dubban mutanen da suke karanta labarin zakaru a jarida ba su taɓa ganin su suna kai naushi ba.

Ranar 14 ga Yuni 1894 aka ɗauki hoton Mike Leonard da Jack Cushing a ɗakin ɗaukar hoto na Edison da ke West Orange a jihar New Jersey, wani gini da aka lulluɓe da baƙar takardar kwalta, rufinsa yana buɗewa, kuma ana juya shi dungurungum don ya bi rana. An matse filin damben don ya shiga idon kyamara, an rage kowane turmi ya koma kusan minti ɗaya, sannan bayan kowane turmi sai 'yan damben su zauna suna hutawa mintuna da dama har a sake ɗura zare. A shagon da aka buɗe a birnin New York an jera akwatuna shida, kowace da turminta, kowace leƙawa senti 10, kuma ba a daɗe ba masu shagon suka lura cewa jama'a sun fi tururuwa kan akwati ta shida inda ake yin kisa. Bayan wata uku, ranar 7 ga Satumba, aka kawo zakaran duniya na ajin masu nauyi, James J. Corbett, ya kara da wani da ba a san shi ba mai suna Peter Courtney, wanda ya faɗi a turmi na shida daidai yadda tsarin akwatunan yake bukata. Ke nan tun daga ranar farko kyamara ce take juya dambe yadda take so, kuma daga waɗannan ayyuka biyu abin da ya rage a yau 'yan guntaye ne masu tsawon daƙiƙoƙi.

Buƙatar ɗaukar dogon dambe ba tare da zare ya tsinke ba ita ce ta haifar da dabarar nan ta barin ɗan lanƙwasa mai sako-sako a jikin zaren kafin ya isa gaban madubin na'ura, dabarar da har yau ake kira da sunan iyalin Latham, kuma ake samunta a kyamarori da majigin da ke amfani da zare. Da ita suka ɗauki karawar Young Griffo da Charles Barnett a kan rufin Madison Square Garden, suka haska ta a allo ga masu biyan kuɗi ranar 20 ga Mayu 1895, watanni bakwai kafin shahararren nunin 'yan'uwan Lumière a Paris. Wannan fim ya ɓace.

Babban aikin Rector ya zo ranar 17 ga Maris 1897 a Carson City ta jihar Nevada, inda Corbett ya kare kambunsa da Bob Fitzsimmons. Rector ya girke kyamarori uku a jere cikin wata rumfar katako a gefen fili, ɗaya tana aiki ana ɗura wa sauran zare, ya yi amfani da zare mai faɗin milimita 63 domin hoton ya ɗauke filin daga kusurwa zuwa kusurwa, har ya ƙarar da kimanin ƙafa 11,000. Fitzsimmons ya faɗi a turmi na shida ya tashi, sannan a turmi na 14 ya soka wa Corbett naushi a ƙahon zuciya, numfashinsa ya ɗauke, ya kasa tashi. Da aka fara nuna fim ɗin a New York ranar 22 ga Mayu, tare da mai sharhi tsaye a gefen allo yana bayani, ya ɗauki fiye da sa'a ɗaya da rabi, a zamanin da yawancin finafinai ba sa wuce minti ɗaya, shi ya sa masana da dama suke lissafa shi a matsayin dogon fim na farko da aka nuna wa jama'a. Jaridun lokacin sun yi mamakin yawan matan da suka je kallo, alhali ba a saba ganin su a fagen dambe ba. Amma faɗin da ya ba fim ɗin kwarjini shi ne ya zame masa matsala daga baya, domin masana'antar ta tsaya kan milimita 35, majigin da ke iya ɗaukar zaren Rector suka ƙare, kuma guntayen da suka tsira, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin uku na ainihin tsawon ba, sai a shekarun 1980 aka kwafe su da wata na'ura da aka harhaɗa musamman domin wannan aiki.

Inda kuɗi ya fito, jabu yakan biyo baya. Wani ɗan kasuwa a Philadelphia mai suna Siegmund Lubin ya riƙa ɗaukar mutane biyu haya, ya hau da su kan rufin bene, wani yana karanta musu rahoton jarida turmi bayan turmi suna kwaikwayo, sannan ya sayar da hoton da araha a matsayin maimaicin babban dambe. A ranar 3 ga Nuwamba 1899 kuwa, lokacin da James Jeffries ya kara da Tom Sharkey turmi 25 a Coney Island, kamfanin Biograph ne ya sayi izinin ɗauka, ya rataye ɗaruruwan fitilun lantarki a saman filin saboda damben na dare ne a cikin gini, har zafinsu ya riƙa gasa kawunan 'yan damben. Mutanen kamfanin Vitagraph suka ɓoye ƙaramar kyamara suka shiga cikin 'yan kallo, suka ci moriyar hasken da wani ya biya. Abin da ya fi ban takaici ga mai bincike shi ne, ɗan yankin da ake gani a yau daga kwafin satar ya fito, mai duhu da karkata, kawunan 'yan kallo suna tare gaba. Saboda haka aikin farko na mai adana irin waɗannan finafinai shi ne tantance ko fuskokin da ke cikin hoton na mutanen da aka rubuta a jikin gwangwanin ne.

Sai kuma Jack Johnson, wanda shi ne ya sauya matsayin fim ɗin dambe daga harkar nishaɗi zuwa maganar gwamnati. Ranar 26 ga Disamba 1908, a Sydney ta ƙasar Ostireliya, ya doke Tommy Burns ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi. 'Yan sanda ne suka tsayar da damben a turmi na 14, kuma fim ɗin da ya rage yana katsewa ne daidai lokacin da Johnson yake rufe Burns da duka, ta yadda mai kallo ba ya ganin ƙarshen. Da aka lallaso tsohon zakara Jeffries daga ritaya don ya maido wa fararen fata kambun, Johnson ya yi masa lilis a Reno ranar 4 ga Yuli 1910, ya kayar da shi a turmi na 15. A daren nan tarzoma ta ɓarke a birane da yawa, aka kashe aƙalla mutum 20, mafi yawansu baƙar fata. Ƙungiyoyin coci da gwamnoni da magadan gari suka tashi haiƙan, aka hana nuna fim ɗin a jihohi da birane masu yawa, har ma da wasu yankunan da ke ƙarƙashin Ingila irin su Afirka ta Kudu, inda masu mulki suka gane sarai abin da hoton baƙi yana kayar da fari zai iya cusawa a zukatan waɗanda suke mulka.

A ƙarshen Yuli 1912, 'yan makonni bayan Johnson ya sake doke wani fari mai suna Jim Flynn, Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake kira da sunan ɗan majalisa Thetus Sims na jihar Tennessee, wadda ta haramta ketara iyakar jiha da fim ɗin damben kuɗi ko shigo da shi daga waje. Dokar ta zauna har 1940. Abin dariya shi ne, da Jess Willard, fari, ya kayar da Johnson a turmi na 26 a Havana ranar 5 ga Afrilu 1915, sai dokar ta hana Amurkawa ganin hoton da suka yi fiye da shekara shida suna marmari. A 1916 wasu 'yan kasuwa suka kafa tanti a kan iyakar Kanada da jihar New York, kusa da Rouses Point, suka ajiye ainihin fim ɗin a ɓangaren Kanada, suka ajiye kyamara da sabon zare a ɓangaren Amurka, tazara kaɗan tsakaninsu, suka riƙa kwafe hoton ɗaya bayan ɗaya, da hujjar cewa haske ne kawai ya ketara iyaka. Kotu ba ta karɓi wannan wayo ba.

Tasirin wannan doka a kan adanawa ya fi yadda ake zato. Na tsawon shekaru 28, fim ɗin dambe ya zama kayan fasa-ƙwauri a cikin Amurka. Ana ɗauka, ana nunawa a jihar da aka yi damben, sauran jihohi kuma sai a ɓoye, wani lokaci mai nunawa ya biya tara ya lissafa ta cikin kuɗin ciniki. Hatta babban mai shirya dambe Tex Rickard an same shi da laifi a kan fim ɗin karawar Jack Dempsey da Georges Carpentier ta 1921. Kayan da ake ɓoyewa ba a yi masa rajista, ba a kai shi laburare, manyan kamfanoni ba sa ajiye shi a rumbunansu. Kwafin da yake yawo a hannun 'yan sumoga kwafi ne daga kwafi, kowane ya fi na gabansa dishi-dishi, kuma kowane mai majigi yakan yanke turmin da ya ga babu armashi. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin dogayen damben zamanin suka iso gare mu a matsayin 'yan turame zaɓaɓɓu, da kuma dalilin da ya sa aka riƙa tsintar kwafi masu kyau a Turai, inda dokar ba ta kai ba.

Ko da babu doka, shi kansa zaren abokin gabar ajiya ne. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin zaren silima da sinadarin nitiret, ɗan'uwan audugar da ake haɗa albarushi da ita. Idan ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da yake ci, saboda haka ko an tsoma shi a ruwa ba lallai ya mutu ba, kuma tsohon zare yana iya kamawa da kansa idan ɗaki ya yi zafi. Wanda bai ƙone ba kuma yana ruɓewa a hankali. Mai buɗe tsohon gwangwani yakan fara gane halin da ake ciki da hanci, saboda wani wari mai ɗaci da ke fitowa. Da farko hoton yakan koɗe ya yi ruwan zuma, sannan zaren ya yi danƙo ya manne wa kansa, sai ya fara kumfa yana fitar da ƙulli-ƙulli, daga nan ya dunƙule ya zama curi guda, a ƙarshe ya koma gari mai launin ƙasa wanda babu abin da za a yi da shi sai zubarwa cikin taka-tsantsan. Zaren asitet da ya maye gurbinsa ba ya ci da wuta haka, amma shi ma yana da cutarsa: yakan yi warin tsami kamar ruwan binega, ya motse, ya kanannaɗe, har ramukan gefensa su daina dacewa da haƙoran na'ura. Ƙari a kan haka, kamfanoni da kansu sukan narkar da tsofaffin finafinai don su cire azurfar da ke jikinsu. Binciken da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinai marasa murya da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929 sun ɓace kwata-kwata, kuma wannan lissafi na finafinan labari ne masu manyan kamfanoni a bayansu, ballantana hoton damben da ake ganin darajarsa ta ƙare da zarar an yi sabon zakara.

Wani abin da ya ceci wasu daga cikin na farko-farko tsautsayi ne mai kyau. Kafin 1912 dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta san da hoto mai motsi ba, ta san hoto na takarda kawai, saboda haka kamfanoni suka riƙa buga fim ɗinsu gaba ɗaya a kan dogon naɗin takarda, hoto bayan hoto, suna miƙa wa laburaren don rajista. Takarda ba ta ruɓewa kamar nitiret. Aka manta da naɗe-naɗen nan kusan 3,000 a wani ɗaki har farkon shekarun 1940 da wani ma'aikaci, Howard Walls, ya tono su, daga baya Kemp Niver ya shafe shekaru yana sake ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su zare. A cikin tarin akwai dambe na gaske, akwai kuma na kwaikwayo, domin mai jabu ma yana son ya kare hajarsa daga wani mai jabun. A yau laburaren yana ajiye zaren nitiret ɗinsa a Culpeper ta jihar Virginia, cikin ƙananan rumbuna 124 masu sanyin kusan digiri 4, kowane a keɓe domin idan ɗaya ya kama kada ya tafi da sauran. An sa fim ɗin Johnson da Jeffries cikin kundin finafinan da ƙasar ta wajabta wa kanta adanawa a 2005, na Corbett da Fitzsimmons kuma a 2012.

Sai dai gwamnati ba ita ce ta ceci mafi yawan finafinan dambe ba. Mutane biyu ne suka yi wannan aiki don sha'awa da kuma riba: Bill Cayton, wanda ya fara sayen haƙƙin tsofaffin dambe a ƙarshen shekarun 1940 don cika shirin talabijin, da Jim Jacobs, zakaran ƙwallon hannu da ake bugawa a bango, wanda ya riƙa bin diddigin gwangwanaye a ƙasashen Turai da gidajen tsofaffin 'yan dambe. Suka haɗa tarinsu a kamfanin Big Fights, wanda ya zama rumbun finafinan dambe mafi girma a duniya. Su ne kuma suka zama manajojin Mike Tyson, wanda tun yana matashi a gidan malaminsa Cus D'Amato a Catskill yake kwana yana haska waɗannan finafinai yana nazarin Dempsey da magabatansa. An sayar da tarin ga tashar wasanni ta ESPN a 1998. A ganina wannan nasara ce mai tabo, domin tarihin da aka tsamo daga halaka ya koma dukiyar kamfani, wanda shi yake da ikon zaɓar abin da za a gyara da abin da za a bari a rumbu, kuma mai bincike ba shi da hanyar tilasta masa.

Saura batun saurin nan da ke sa mutanen da su yi kama da 'yan tsana. Kyamarorin zamanin da hannu ake juya su, kuma babu tsayayyen ƙa'ida: wani yakan ɗauki hoto 16 a daƙiƙa, wani 18 ko 20, na Edison na farko ma sun haura 30. Da fim mai murya ya zo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsaya kan hoto 24 a daƙiƙa. Idan aka ɗauki abin da aka naɗa a 16 aka haska shi a 24, komai zai ƙara sauri da rabi, kuma kwafe-kwafen da aka yi wa talabijin da kaset sun gaji wannan kuskure. A fim ɗin soyayya wannan ɗan abin dariya ne kawai, amma a dambe yana sauya shaida, tunda lokaci shi ne ginshiƙin hukunci. Mashahurin misali shi ne karawar Dempsey da Gene Tunney ta biyu a Chicago ranar 22 ga Satumba 1927, inda Tunney ya faɗi a turmi na bakwai, alƙalin wasa Dave Barry ya jinkirta ƙirge har sai Dempsey ya koma kusurwar da doka ta ce, Tunney ya tashi a ƙirge na tara bayan ya yi kimanin daƙiƙa 14 a ƙasa. Duk mai son auna wannan da agogo daga fim, sai ya fara tabbatar da saurin da aka juya kyamarar. Abin taimako shi ne dambe yana da nasa ma'auni, domin idan turmi cikakke ya tsira daga ƙararrawa zuwa ƙararrawa, an san minti uku ne, sai a ƙirga hotunan a raba.

Haka ma fim ɗin karawar Battling Siki, haifaffen Saint-Louis ta Senegal, da Carpentier a wajen Paris ranar 24 ga Satumba 1922 yake da daraja ta shaida. Siki ya kayar da gwarzon Faransa a turmi na shida, alƙalin wasa ya ce taɗiye shi ya yi ya ba Carpentier nasara, jama'a suka yi ca har aka soke hukuncin. Da hoton bai tsira ba, da sai dai mu dogara ga jaridun lokacin, waɗanda suka riƙa kwatanta Siki da dabbar daji.

Gyaran zamani ana yin sa ne ta hanyar ɗaukar kowane hoto na zaren da na'urar sikana mai ƙarfi, a daidaita rawarsa, a share ƙura da zane a kwamfuta, a maido da saurin da ya dace, sannan a mayar da ainihin zaren cikin sanyi, tunda fayil ma yana lalacewa kuma tsarinsa yana tsufa. Abin da nake ɗari-ɗari da shi shi ne kwafin da ake yayi yanzu, wanda ake sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta shafa masa launi ta kuma ƙago hotunan da babu su don motsi ya yi santsi. Naushi mai sauri hoto biyu ko uku kawai yake ɗauka a tsohon zare, saboda haka idan manhaja ta cusa nata a tsakani, ita ce take zana hanyar da hannun ya bi, har da ko ya sauka a muƙamuƙi ko ya goge kafaɗa.

Harry Greb na Pittsburgh ya yi dambe kusan 300 tsakanin 1913 da 1926, ya riƙe kambun duniya na matsakaicin nauyi, kuma shi kaɗai ne ya taɓa doke Tunney, a watan Mayun 1922. Masana da yawa suna sa shi cikin 'yan kaɗan da suka fi kowa a tarihin wasan. Hoto mai motsi da ake da shi nasa 'yan mintuna ne na atisaye, yana tsallen igiya, yana dukan iska, yana gwaji da abokin horo. Har yau ba a samu fim ɗin ko turmi ɗaya na dambensa na gaske ba, kuma masu tara tsofaffin finafinai suna ci gaba da buɗe gwangwanaye a kasuwannin gwanjo suna duba sunan da ke jikin takardar.